Sun ce za su ɗaga sunan Nima: mu shiga ko mu ja da baya?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Yaya. Ni ne sakataren wata ƙungiya ta teloli, masu aikin wuyan riga, dukawa da masu zane a Nima, unguwar zango da ke Akra a ƙasar Gana. Wasu mutane sun zo tare da wani kamfanin talla, sun ce sun samu kuɗin tallafi za su ɗaga sunan Nima ta zama cibiyar masu fasaha a Akra. Za a yi tambari, a yi wa bangaye zane, a riƙa cin kasuwar dare a watan Disamba saboda baƙi. Sun gayyace mu taron masu ruwa da tsaki, sun ce tare za a tsara komai. Dattawanmu sun rabu biyu, wasu na murna, wasu na cewa da haka ake fara korar talaka. Mu shiga? In mun shiga, me za mu nema?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara haɗa kanku.

Ku je taron. Kujerar da kuka bari wani ne zai zauna a kai, ya yi magana da yawunku, a rubuta a rahoto cewa masu sana'ar Nima sun amince. Amma ku je da sanin cewa ba alfarma aka yi muku ba. Hajar da ake son kaiwa kasuwa taku ce: aikin hannunku, layinku, abincinku, Sallarku. Su kuɗi da kyamara suka kawo. Na daɗe ina aiki tsakanin majalisun ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin 'yan kasuwa a kan tsarin kasuwanni, kuma duk inda na ji an ce "tare za mu tsara", tambaya ɗaya nake fara yi: in masu sana'ar suka ce ba su yarda da wani abu ba, aikin zai tsaya, ko za a yi musu godiya a wuce? Amsar wannan ce ke raba haɗin gwiwa da neman sa hannu.

Masu talla suna son ka ɗauka cewa gina sunan wuri wani sabon ilimi ne da ya sauka daga Turai. A matsayin fannin karatu, sabo ne. Wani ɗan Ingila mai suna Simon Anholt ne ya yayata maganar ɗaukar sunan ƙasa tamkar haja a wajajen 1996, daga nan birane suka kama. Amma aikin kansa kakanninmu sun san shi. "Kano ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka." Ba kamfanin da aka biya ya tsara wannan. Fatake suka shiga kasuwar Kurmi, suka ga abin da suka gani, suka koma gida suna faɗa, kirarin ya zauna domin duk wanda ya je haka ya tarar. Goron Gwanja kuwa daga dazukan Asante yake fitowa, amma da yake a Salaga ayarin Hausawa ke ɗaukarsa, sunan Gwanja ne ya bi shi har Kano da Barno. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne jar fatar Sakkwato. Majemanmu suka jeme ta, raƙuma suka ƙetare Sahara da ita, ta shiga Turai ta Arewacin Afirka, can aka raɗa mata fatar Maroko, kuma da wannan sunan masu ɗaure littattafai suka san ta shekaru aru-aru. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Suna ba ya bin mutum don kawai shi ya yi aikin. Yana bin wanda ke tsaye a ƙofar ƙarshe, inda mai saye ke miƙa kuɗi. Wannan ƙofar ce za ku je karewa.

Shi ya sa nake cewa tambari da take su ne mafi ƙanƙantar ɓangaren aikin, duk da cewa su kan lashe kaso mai tsoka a irin waɗannan kwangiloli, saboda su ake iya ɗaukar hotonsu a nuna wa mai ba da tallafi. Birnin Amstadam na ƙasar Holan ya fito da takensa a 2004, ya kafa manyan haruffa a gaban babban gidan tarihinsa, duniya ta yi ta tururuwar ɗaukar hoto. A Disamban 2018 majalisar birnin da kanta ta sa aka kwashe su daga wurin, cunkoson ya ishi mazauna. A nan gida, sabon ginin kasuwar Kejetia a Kumasi yana da sunan da hukuma ta ba shi, amma tambayi 'yar kaya ko direban trotro, wato motar haya, "Dubai" zai ce maka. Shekarar Dawowa ta 2019, wadda Gana ta gayyaci jikokin bayin Afirka su ziyarci gida, ta yi tasiri ne domin akwai abin zuwa gani: kurkukun bayi na Cape Coast da Elmina suna nan tsaye, kuma shekara 400 ta cika tun da aka sauke bayin Afirka a Bajiniya a 1619. Talla hanya kawai ya nuna. Tun daga lokacin Disamba ta zama kakar baƙi a Akra, kuma wannan kakar ce masu gayyatarku ke hange. Ka fi ni sanin ko kuɗin da ke zuba a unguwannin Osu da Labadi da East Legon a wannan wata yana hawowa layinku.

Nima ba ta rasa suna ba, biyu ma gare ta. Akwai wanda jaridu suka ba ta: babbar gota, faɗan samari, wurin da ake gargaɗin baƙo ya riƙe wayarsa da kyau. Akwai kuma wanda masu hulɗa da ita suka sani: kasuwar Laraba inda matan Akra ke zuwa sayen hatsi da wake da kayan yaji, waakye (shinkafa da wake) da tuwon zafi, koko da ƙosai da asuba, tsire da dare, telolin da manyan gari ke aiko wa da shadda, unguwar da ta fitar da mawaƙan VIP, ta fitar da ɗan ƙwallo Mohammed Kudus. Fenti ba ya goge na farko. Ba da daɗewa ba baƙon da ya zo kallon zane zai ji warin gota in ba a kwashe ta ba, ya koma ya faɗi abin da hancinsa ya ji. Abin da ke yiwuwa shi ne a ƙarfafa na biyu har ya rinjayi na farko, kuma wannan aikin shara ne da fitilar titi da cika alkawarin ɗinki kafin ya zama aikin talla.

Kada kuma ku raina illar sunan da wasu suka liƙa muku daga waje. Agbogbloshie, wata unguwa a nan Akra, ta yi shekaru tana yawo a kafafen labaran duniya a matsayin jujin tsofaffin kayan lantarki. Hotunan hayaƙi da yara masu ƙona waya suka cika intanet, ba a cika nuna masu gyara da masu ƙera tukwane da murhu daga ƙarfen da aka tsinto ba. A Yulin 2021 aka rushe wurin, aka kuma tayar da 'yan albasa, waɗanda da yawansu da Hausa suke ciniki, aka kai su Adjen Kotoku can bayan gari ta hanyar Nsawam. Ranar da katafila ta zo, sunan da aka yi wa wurin bai tsaya musu ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dattawanku masu tsoro ba shirme suke yi ba, kuma ni da zan ba da shawara, mafi taurin kai a cikinsu shi za a sa a tawagar da za ta zauna da kamfanin.

Sai misalin Chale Wote, wanda na san shi za su kawo muku. Bikin zanen titi ne da aka fara a Jamestown a 2011, kuma ya yi abin a yaba: ya jawo dubban mutane unguwar da 'yan Akra da yawa ba sa takawa, ya ba matasa masu zane fili, har da na Nima. Amma a 2023 aka ɗauke shi aka kai Osu da dandalin Black Star. Ba ina zargin masu shirya shi ba ne, abinsu ne, suna da ikon kai shi inda suka ga dama. Darasin dai shi ne sunan bikin nasu ne, ba na Jamestown ba. Kasuwar daren da ake muku alkawari, in ta yi suna, wa ke da ikon ɗauke ta ya kai unguwar masu kuɗi ta Cantonments a shekara ta uku?

Yanzu bari in kwatanta maka taron da nake tsoron za ku tarar, don na zauna a irinsa har na gaji. Otel ne a Ridge ko wajen filin jirgi, ƙarfe goma na safe, sau da yawa ma ranar Laraba. Magajiyar masu hatsi ba za ta bar buhunanta ranar kasuwa ba, to ba ta zo ba. Da Turanci ake magana. Tsohon da ya fi kowa iya aikin wuyan riga na aska takwas yana zaune a baya da hularsa a gwiwa, bai ce uffan ba. An raba ƙananan takardu masu launi an ce kowa ya rubuta "burinsa ga Nima" ya manna a bango. Bayan an sha shayi sai a haska tambari uku a allo, an riga an zana su tun makon jiya, a ce ku zaɓi ɗaya. Takardar halarta tana zagayawa, a ƙarshe a ba kowa ambulan na kuɗin mota, a tsaya a yi hoto. Wannan hoton da wannan takardar su ne "masu ruwa da tsaki" a rahoto. Ba wanda ya yi ƙarya, kuma ba wanda ya tambaye ku ko tambari ne ma matsalarku.

Maganinsa tun kafin ranar ake nema. Ku rubuta musu cewa zama na gaba a Nima za a yi shi, a harabar makaranta ko ƙofar gidan sarki, bayan la'asar, ba Laraba ba, ba Juma'a ba. Da Hausa za a yi, a fassara wa mai buƙata. A karanta abin da aka yanke da baki a tura ta WhatsApp, domin da yawa daga ƙwararrunku sun fi jin saƙon murya a kan takarda. Sannan ku nemi abu biyu a rubuce: takardar da suka nemi tallafin da ita, da kasafin kuɗin, layi-layi. A nan za ka ga nawa aka ware wa mai zana tambari, nawa aka ware wa masu ɗaukar bidiyo, nawa ya rage wa rumfa da wuta da bayan gida. Wanda ya zo da niyyar yin aiki tare ba ya jin nauyin nuna kasafi. Wanda ya ce sirrin kamfani ne ya riga ya ba ka amsa.

Ku nemi kwamitin da ke yanke hukunci, ba na ba da shawara ba, masu sana'a su zama aƙalla rabinsa, kuma ɗaya daga cikinku ya kasance cikin masu sa hannu kafin a fitar da kuɗi. A rubuta abubuwan da ba za a yi ba sai da yardarku: suna, wuri, lokaci, wanda za a ba rumfa, da kuɗin rumfa.

Amma fa in kun samu kujerun, kada ku ma ku yi abin da kuke gudu. Ƙungiyarku ba ita ce Nima ba. Hausa ce harshen layi, amma masu jin ta akwai Zabarmawa, Kotokoli, Mosawa, Dagomba, Fulani, Wangarawa, Yarbawa, Frafra, akwai Kiristoci da yawa, kuma kusan kowace ƙabila da sarkinta. Ƙasar kanta ta ƙabilar Ga ce, 'yan asalin Akra. Daga hannun wani gida na Osu Malam Amadu Futa ya samu izinin zama a farkon shekarun 1930. In aka tallata wurin a matsayin unguwar Hausawa zalla, an sayi rigima da kuɗi. Mata su ne ƙashin bayan cinikin abinci da turare da lalle da kayan aure, kuma su ne aka fi mantawa idan an zo rabon rumfa, don haka magajiyoyi su zauna a kwamitin da kansu, ba wai a ce za a kai musu labari ba. Samarin da ke zama a bes, wato majalisarsu ta bakin titi, suna shan shayin ataya, in ba a ba su aikin tsaro da jagorancin baƙi da kafa rumfuna ba, za su tsaya a gefe suna kallo, kuma ka san kallon saurayin da aka ware ba alheri ba ne. Limamai su faɗi tasu tun farko a kan kiɗa a lokacin salla da sayar da giya, a rubuta, kada a bari sai daren farko a yi ta a bainar jama'a. Masu gidaje kuwa ina zuwa kansu.

Maganar Disamba ita ce inda na fi saɓa musu. Nima tana da nata lokacin. Goman ƙarshe na azumi unguwar ba ta barci: kekunan ɗinki suna kuka har asuba, masu guga da masu bugu ba hutu, masu lalle da masu takalma da masu sayar da hula sun cika bakin titi. Ranar Salla ga hawan dawaki, ga taron kiɗan Sallafest da 'yan VIP suka assasa. Wannan kasuwar dare ce da ta riga ta kafu, da masu sayenta na gaskiya, waɗanda za su dawo baɗi ko an yi talla ko ba a yi ba. Baƙon Disamba yana sayen munduwa ɗaya ya yi hoto ya tafi. Alhajin da ya ɗinka wa kansa da 'ya'yansa kayan Salla, ko 'yar Nima da ke zaune a Jamus ko Amurka da ke turo kuɗi ta momo, wato asusun waya, a ɗinka wa iyayenta, su ne ke riƙe shago. Ban ce a ƙi baƙi ba. Na ce a gina a kan abin da ke da saiwa, baƙo ya zo ya tarar da shi yana gudana.

Sai batun mallakar suna, wanda shi ne zuciyar lamarin. Je ka shagon mai aikin hannu ka tsaya a kansa. An riga an zana masa fasalin a kan shaddar, ya ɗora ta a gwiwa, yana bin layin da allura, aska bayan aska suna gangarowa gefen aljihu, makonni yana kan riga ɗaya. Shago biyu gaba da shi akwai injin kwamfuta da ke fitar da mai kama da ita kafin la'asar. Daga nesa baƙo ba zai bambance ba. Sai ka juya rigar ciki: ta hannu za ka ga ƙulli nan da can da tafiyar zare da ba ta zama daidai-wa-daida ba, ta inji kuwa ga farin zaren ƙasa a jere, ga ragowar takardar da aka manna don ta riƙe yadin. Dukansu sana'a ne, dukansu halal ne, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Ranar da sunan "ɗinkin Nima" ya fara tsada, wani zai sayar da ta inji a kuɗin ta hannu, wani ma zai kawo ta waje ya liƙa mata sunan. Sunan unguwa rijiyar unguwa ce: kowa na ɗiba, kuma mutum ɗaya ya isa ya ɓata ta.

Doka ta tanadi abin da za ku kare kanku da shi. Za ka ji ana maganar kente, yadin saƙar gargajiya na Gana, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a Disamban 2024, sannan a 2025 aka ba shi rajistar alamar asali, wato kariyar da ke ɗaure kaya da yankin da ake yinsu. Gana na da dokar wannan tun 2003. A ganina wannan ba taku ba ce. Kente na da garuruwan masaƙa sanannu irin su Bonwire da Agotime Kpetoe. Ku kuwa shaddarku daga waje take zuwa, gezna daga Ostiriya, mai sauƙin kuɗi daga Sin, salon aikin kuma kuna tarayya da Kano da Zariya da Yamai. Abin da ya dace da ku shi ne alamar ƙungiya, wadda Dokar Alamomin Kasuwanci ta 2004 ta amince da ita, ana yin rajistarta a ofishin Babban Magatakarda. Ƙungiya ce ke mallakarta, duk ɗan ƙungiyar da ya cika sharuɗɗa ya liƙa ta a kayansa, wanda ya karya a karɓe. Kafin nan dole ƙungiyar ta zama mai rajista, ko a matsayin ƙungiyar gama kai ko kamfanin da ba na neman riba ba a ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2019. Ku rubuta sharuɗɗan da kanku, kaɗan masu tsauri: lakabin ya faɗi aikin hannu ne ko na inji, ya ɗauki sunan mai shago da lambarsa, a kuma yi ƙa'ida a kan telan da ya karɓi kuɗi bai cika alkawarin Salla ba. Wannan na ƙarshe zai fi kowane allon talla ɗaga sunan ku, mu duka mun san dalili.

A yarjejeniyar ku sa a fili cewa suna da tambari da shafukan Facebook da Instagram da TikTok da lambobin sirrinsu da jerin lambobin masu saye duk na ƙungiya ne, ba na kamfanin ba. Na ga inda tallafi ya ƙare, yaron da ke riƙe da shafin ya kama wani aiki, mabiya dubbai suka tafi da shi. Masu zanenku kuma kada su yarda a biya su da "za ku yi suna". Nima na da masu zanen bango da suka yi fice, ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art ta daɗe tana wannan aiki, don haka ba dalilin ɗauko wani daga waje ya zana muku unguwarku. A biya su, a rubuta sunansu, haƙƙin zanen ya zauna a hannunsu in za a buga shi a riga ko jaka. Hoto kuma sai da izini, musamman na mata da yara. Jagoran baƙi ya san cewa ba a tsayawa a bakin gota a ɗauki hoton talauci.

To, masu gidaje. Nan ne tsoron dattawanku yake da tushe. In aikin ya faɗi, asarar lokaci kuka yi. In ya yi nasara, haya za ta tashi, kuma wanda ya ɗaga sunan layin shi zai fara kasa biya. Nima tana tsakiyar gari, ga Kanda, ga Ridge, ga unguwar filin jirgi, ƙasa ce da idon masu kuɗi ya daɗe a kanta. Dokar Haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata 6, amma kai da ni mun san shekara biyu ake nema, ga kuɗin gudwil, wato kuɗin shiga da ake biya kafin a ba ka shago. Kada ku jira suna ya fito. Yanzu, tun shagunan ba su yi daraja ba, ku zauna da masu gidajen layin da abin zai shafa, a gaban sarki da limami, a rubuta haya ta shekaru da iyakar ƙarin da za a yi kowace shekara. Mai gida ma yana da riba a ciki, don ɗan haya mai biya a kan lokaci ya fi shagon da ke sauya hannu. A rumfunan kasuwar dare kuma a ware kaso mafi yawa ga masu yin kaya da hannunsu a Nima, a rubuta sunayensu kafin a buɗe wa 'yan waje. Rikicin rabon shaguna da aka sha a sabuwar Kejetia ya isa ishara: jerin sunayen da ba a kafe shi a bango kowa ya gani ba, a ofis ake sauya shi.

Majalisar Ayawaso ta Gabas, ƙaramar hukumar da Nima ke ciki, ita ce ke da titi da shara da izinin rufe hanya, kuma kowace shekara tana yanke kuɗaɗen haraji da na tikitin kasuwa bayan zama da 'yan kasuwa. Ku riƙa zuwa wannan zaman tare da asambiliman ɗinku, wato kansilanku. Taron ba shi da armashi, amma a nan ake sa farashin da zai iya kashe kasuwar dare tun ba ta tashi ba. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 shi ma ƙofa ce da za a ƙwanƙwasa don fitila ko bayan gida, sai dai kada ku jingina dukan shirin a kan gwamnati. Ma'aikatar zango da aka kafa a 2017 ba ta wuce 2021 ba. Masu kilishi da yaji da burkina (gero da nono) da ke son sayarwa a kwalba ko leda su nemi rajistar hukumar abinci da magunguna, tana da tsarin mataki-mataki na ƙananan masu sana'a.

A ƙarshen shekara kamfanin zai kawo muku yawan waɗanda suka kalli bidiyo. Ku ku riƙe naku littafin. Kafin a fara komai, ka bi shagunan 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya ka rubuta: hayar da yake biya, yaran da ke koyon aiki a wurinsa, ɗinki nawa ya karɓa a azumin bana, nawa daga ciki na sababbin masu saye ne. Bayan shekara a sake bi, bayan biyu a sake. In ciniki ya ƙaru amma rabin sunayen farko sun bar layin, a gaya wa mai tallafi haka da lambobi a hannu.

Ku ba su shawarar gwaji ƙarami kafin a taɓa babban kuɗi: layi ɗaya, dare uku a goman ƙarshe na azumi mai zuwa, daga bayan tarawihi. A sa fitilu da janareta saboda dumso, wato ɗauke wuta, a tanadi bayan gida na mata daban, a ɗauki samarin layin su kwashe shara kafin asuba a biya su a daren, kowace rumfa da sunan mai ita da lambar momo a rubuce. Bayan Salla da mako guda kwamiti ya zauna da littafin, a ga wa ya sayar, wa bai sayar ba, maƙwabta me suka ce, sannan a yanke ko za a yi ta Disamba da kuma a wane layi.